Na Nemi Amsa-amo a Inda Babu Shi

Ƙannena masu karatun adabin Ingilishi, akwai kuskuren da ya ci mini zango guda a jami'a, kuma ba na son ya ci muku.

Na tashi da rubutacciyar waƙar Hausa a kunnena. A wurina waƙa ita ce mai amsa-amo a ƙarshen baiti, mai kari da ake aunawa da nauyin gaɓoɓi. Da aka ba mu waƙar Caedmon, ɗaya daga cikin waƙoƙi mafi daɗewa a tsohon Ingilishi, sai na sa yatsa a ƙarshen kowane layi ina neman inda sauti ya dace da ɗan'uwansa. Ban samu ba. Na ƙirga gaɓoɓi, wani layi ya fi wani tsawo. Sai na rubuta a aikin da aka ba mu cewa waƙoƙin Ingilishi na farko ba su da tsari, zube ne aka yayyanka. Takardar ta dawo da jan biro, na ji kunya ƙwarai, domin na yanke wa mutane hukunci da mudun da ba nasu ba.

Ashe tsarin yana goshin kalma. Kowane layi an raba shi biyu, da ɗan numfashi a tsakiya. Kowane rabi yana da gaɓa biyu da ake dannawa da ƙarfin murya, huɗu ke nan a layi. Abin da ke ɗaure rabin farko da na biyu shi ne maimaita sautin farko. Gaɓa ta uku ita ce jagora: sautin da ta fara da shi dole a ji shi a ta ɗaya ko ta biyu, ko duka biyun, ta huɗu kuwa galibi takan saɓa. Wasula duka suna amsa wa juna. Hausa ba ta danna gaɓa irin haka, da karin sauti da tsawon wasali take aiki, amma ga kwatanci da na ƙirƙira don kunnenku: "Damisa ta diro, dawa ta yi tsit." Ku ji "d" sau uku, sannan ta huɗu ta kauce.

Da na karanta da baki tun ranar farko, da na ji wannan. Ni kuwa da ido nake karatu, shiru, kuma a fassarar Ingilishin zamani, inda sautin asali yakan zube. Waɗannan waƙoƙi don kunne aka yi su, wasunsu ma mawaƙin fada ne ke rera su a zauren sarki. Labarin Caedmon kansa ya nuna haka. Malamin coci Bede, a littafin tarihinsa da ya kammala a 731, ya ce Caedmon mai kula da dabbobi ne a gidan ibada na Whitby a Ingila, wanda kan sulale daga taro idan ya ga molo ya kusa zuwa kansa, har ya sami waƙarsa a mafarki. Layi tara ce kawai. Ku nemi wanda ya karanta ta da tsohon harshen, ku saurara sau goma, ku bi shi da bakinku ko ba ku gane ma'ana ba tukuna.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ina da makullin a aljihuna ban sani ba. Mawaƙan nan sukan kira teku "hanyar kifin whale", jiki kuma "gidan ƙashi". Duk wanda ya taɓa jin kirarin sarki ko na ɗan dambe ya san wannan dabara ta kewaye suna da siffa. Littafin Exeter kuma, wani kundin waƙoƙin tsohon Ingilishi, yana ɗauke da kacici-kacici sama da casa'in a waƙe. Can ya kamata in kai kunnena na Bahaushe.

Na kuma haddace cewa 1066, shekarar da Normandawa daga Faransa suka ci Ingila, ita ce ranar mutuwar tsohon salo. Gaskiya ne tasirin Faransanci ya yaɗa amsa-amon ƙarshe da ƙirga gaɓoɓi, kuma mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya kafa layi mai gaɓa goma da baiti mai layi bakwai. Amma a ƙarni na 14 ɗin nan, a yamma da arewacin Ingila, ana ta rubuta dogayen waƙoƙi da maimaita sautin farko, irin Piers Plowman. Salon biyu sun zauna tare shekaru masu yawa. Kada ku amsa tambaya kamar an kashe fitila ɗaya an kunna wata.

Ku kuma riƙa tuna ƙarancin abin da ya iso gare mu. Yawancin waƙoƙin tsohon Ingilishi suna cikin kundaye huɗu ne kacal. Beowulf, labarin jarumta a waƙe mai layi 3,182, kwafi ɗaya gare shi, an rubuta shi wajen shekara ta 1000, kuma gobara ta lashi gefensa a 1731. Yau yana ajiye a Landan. Duk lokacin da za ku rubuta "mawaƙan wancan zamani ba sa yin kaza", ku dakata ku gyara: a cikin abin da ya tsira, ba mu ga kaza ba.