Taswira ta ce akwai sabis, mutanen gari sun ce babu

Ranar da na kama aiki a sashen tsara sabis na wani kamfanin wayar salula, abin da aka fara nuna mini shi ne taswirar Kano a kwamfuta, an shafe ta da launuka. Kore na nufin sigina mai ƙarfi, ruwan ɗorawa dama-dama, ja kuwa inda kira ke yankewa. Cikin ganuwa, tun daga Ƙofar Mata har Goron Dutse, kore ne shar. Ban yi wata guda ba aka haɗa ni da direba da kwamfuta da wayoyin gwaji, aka ce in zagaya unguwannin da ke bayan Kasuwar Kurmi, don koke ya yi yawa daga can. Muka bi titi, na'ura tana gaskata taswira. Har na fara shirya rahoton cewa komai lafiya lau, sai wani dattijo mai sayar da turare ya ga eriya a saman motarmu, ya yafito ni.

"Yaro, ku ne masu sabis?"

Na ce, "Mu ne, Baba."

Ya ce, "To ajiye motar nan ka biyo ni."

Muka shiga lungun da babur biyu ba sa iya gilmawa, muka ratsa zaure, muka ratsa soro na biyu, muka kai wani ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin kwano. A bakin titi wayar gwajina tana nuna -70. A cikin ɗakin ta gangara ƙasa da -100. A ma'aunin da muke aiki da shi, duk ragin 3 rabin ƙarfin sigina ne ya tafi, ragin 30 kuwa kashi ɗaya cikin dubu kaɗai ya rage. Ya nuna mini wata ƙusa a jikin taga, an rataya wata ƙaramar waya da zare. Ya ce ta uwargidansa ce, nan wayar take kwana, nan take wuni, domin nan kaɗai kiran ɗansu da ke Legas yake samunta.

Taswirar ba ƙarya ta yi ba, abin da aka gaya mata ta faɗa. Lissafin da irin waɗannan manhajoji suka ginu a kai ya samo asali ne daga awon da Okumura ya yi a birnin Tokyo, aka buga a 1968, sannan Hata ya mayar da shi ƙa'idar lissafi a 1980. Aiki ne mai kyau ƙwarai, har yau ana cin moriyarsa. Sai dai Okumura bai auna bangon ƙasa ba, bai auna gidan da sai ka wuce zaure biyu kafin ka ga tsakar gida ba. Wajibi ne kowane gari a gyara lissafin da awon da aka yi a cikinsa, kuma awon ya kai har inda mutum yake zama ya amsa waya. Mu kuwa a kan kwalta muke aunawa, da eriya a saman mota. Tun daga ranar, in na fita zagayen gwaji sai na sauka na taka da ƙafa, na yi sallama, na nemi izinin shiga ko da zaure ne.

Abin da ya fara zo mini a matsayin magani shi ne abin da ke zuwa wa kowane sabon shiga: a ƙara wa ƙarfen sabis wuta. Wani babba a sashen ya zaunar da ni ya ce, "Ka taɓa jin ladan daga nesa?" Na ce sosai. Ya ce, "In ka amsa, shi yana jin ka?" Nan na gane. Ƙarfe yana iya fitar da wat 20 ko fiye, wayar hannu kuwa iyakarta wat 2 a zangon megahaz 900 (zango shi ne layin rediyon da sigina ke bi ta iska), wat 1 a 1800, a 4G ma kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya. In ka ƙara wa ƙarfe murya, sandunan sigina za su cika a fuskar waya, mai ita ya yi murna, ya buga kira ya ƙi shiga, saboda muryar wayarsa ba ta kai wa ƙarfen. Ka ƙara masa takaici ne kawai, ga sanduna cike ga kira ba ya tafiya.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan. Zangon da Hukumar Sadarwa ta Najeriya take sayar wa kamfani kaɗan ne, kuma da tsada: a gwanjon Janairun 2001 kowane lasisi dala miliyan 285 aka biya. Dole ake maimaita zango ɗaya a ƙarafa da yawa cikin gari guda. Ƙarfen da ya cika tsawo ko ƙarfi sai ya tsallake unguwarsa ya je yana surutu a kan maƙwabcinsa, kamar makaɗa biyu a fili ɗaya, ba ka jin wannan ba ka jin wancan. Na yi makonni ina neman dalilin yankewar kira a wata unguwa, ina ta binciken ƙarfen da ke cikinta, ashe mai laifin wani dogon ƙarfe ne a kan tudu, nesa da wurin. Maganin bai ci ko kwabo na sabon kaya ba. Mai hawa ƙarfe ya ɗaura bel ɗinsa ya hau, ya sunkuyar da eriyar. Eriyar da ke mita 30 daga ƙasa in ta sunkuya digiri 2, tsakiyar haskenta yana sauka ƙasa ne wajen mita 860. In ta sunkuya digiri 6, wajen mita 285. Digiri huɗu kacal, unguwa guda ta huta. Yawancin gyaran da na yi alfahari da shi a wannan aiki ragewa ne, ba ƙarawa ba, kuma har yau ina shan wahalar fahimtar da shugabanni haka, don ragi ba ya kama da aiki a idon mai duba rahoto.

Isar sigina daban, ɗaukar jama'a daban. Wannan kuwa Maigatari ce ta koya mini, garin nan na Jigawa mai kasuwar dabbobi a kan iyakar Nijar. Rahoton mako na ƙarfen da ke kallon kasuwar bai nuna matsala ba, cunkoso kaɗan ne. Amma 'yan kasuwa suna ta ƙorafi. Da na daina kallon matsakaicin mako na warware shi rana-rana, awa-awa, sai gaskiya ta fito: kwana shida ƙarfen yana hutawa, ranar Alhamis kuwa, ranar da kasuwa ke ci, maƙare yake tun hantsi har la'asar. Na je da kaina wata Alhamis. Ga shanu da raƙuma da tumaki, ga motocin da za su yi kudu ana lodi, ga baƙi daga Nijar. Na tsaya kusa da wani dillali, igiyar sa a hannun hagu, waya a dama, yana neman mai dabbar ya ji ko ya sallama. Sau bakwai yana bugawa ina ƙirgawa. Kafin na takwas mai saye ya juya ya tafi. A rahotonmu wannan wani ɗan ɗigo ne da kwana shida na hutu suka haɗiye, a wurinsa kuwa la'adar mako ce.

Lissafin wannan ma tsoho ne. Erlang, ɗan ƙasar Denmark da ya yi aiki a kamfanin tarho na Copenhagen, shi ya fitar da shi a 1917. A tsarin GSM kowace na'urar aikawa gurbi 8 gare ta, ɗaya na tafiyar da sha'anin kira, 7 na magana. In ka yarda kira 2 cikin 100 su tarar da layi cike, gurbi 7 ba sa ɗaukar fiye da kwatankwacin mutum uku masu magana ba tsayawa. Gurbi 14 kuwa suna ɗaukar sama da takwas. Lissafin daidai yake, amma sai ka san wace awa za ka ba shi. Littafi zai ce awar cunkoso da yamma take. Da azumi sai ta koma bayan shan ruwa, wata kuma ta taso lokacin sahur. Ranar Sallah jama'ar gari guda suna filin idi, ranar Hawan Daushe suna Ƙofar Kudu, dole a kai ƙarfen tafi-da-gidanka. A zamanin da kamfanoni ke ba da kiran dare kyauta, tsakar dare ta fi rana cunkoso a unguwannin ɗalibai. Ga kuma filashin, wanda ba ya kawo wa kamfani sisi amma yana kama gurbi. Yanzu a jikin bangon ofishina akwai kalandar Musulunci da jerin ranakun kasuwannin yankin, ina duba su fiye da yadda nake duba taswira.

Maigatari ta ƙara mini da wani: sigina ba ta san iyakar ƙasa ba. Mutum yana zaune a rumfarsa a Najeriya wayarsa ta kama sabis ɗin Nijar, a caje shi kuɗin baƙo. Nan ma eriya ake juyawa a sunkuyar, a tabbatar namu ya fi ƙarfi a gefenmu ba tare da mun yi wa na can kutse ba.

Damina ma tana da nata. Awon da ka yi a watan Maris ba zai yi maka aiki a Agusta ba, domin itatuwa sun cika da ganye, ganye kuwa yana shan sigina (ban da gawo, shi da damina yake zubar da nasa). Farantan da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe a zangon da ya haura gigahaz 10, ruwan sama mai ƙarfi yana raunana su, shi ya sa hadari na sauka wani ƙauye sabis ya ɗauke. Wani lokaci kuma duk lissafinka daidai ne, man janareta ne ya ƙare.

Zuwan 4G bai rage nauyin nan ba, sauya masa kama ya yi. Yanzu data ake rabawa kamar tuwo a kwano ɗaya, kuma wanda ke can gefen da'irar ƙarfen da sigina mai rauni ya fi na kusa cin rabon ƙarfen kafin ya sami abin da na kusa ya samu. Mai POS da ke riƙe da na'urarsa sama yana jiran kuɗi su fita, ga layin mutane a gabansa, shi ne dillalin Maigatari na yau. A Disambar 2021 an sayar da zangon gigahaz 3.5 (wato megahaz 3,500) na 5G, kamfanonin MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6. Ina murna da shi, amma na san mafi yawan waɗanda nake yi wa aiki ba shi zai fisshe su ba. Ƙananan zanguna, megahaz 700 da 800 da 900, su ne ke tafiya nesa su ratsa bango, kuma a ganina can ya kamata a fi zuba kuɗi a ƙauyukanmu.

In na isa ƙauye yanzu, kafin in kunna kwamfuta sai na je wurin mai shayi na tambaya, "Malam, ina kuke zuwa in za ku yi waya?" Ba a taɓa rasa amsa ba. Wani wuri gindin tsamiya ne a bayan makarantar firamare, wani wuri kan juji, wani wuri bakin rijiya. A wani ƙauye aka kai ni kan wani tudu, na tarar ƙasar wurin ta daddaɓe saboda tsayuwa, har an ajiye kututturen dabino na zama, wata tsohuwa tana kai tana jiran jikarta ta buga mata lamba. Na gaishe ta, na ɗauki lambobin wurin a na'ura, na auna, sannan na bi hanyar da ta biyo har ƙofar gidanta ina kallon inda siginar ta mutu.