Na Bi Sawun Acha Har Tafawa Ɓalewa

Sana'ata ƙulla acha a leda ina turawa Abuja da Legas, kuma tambayar masu saye ba ta wuce biyu: daga ina take, kuma wa ya tabbatar ba a yi mata haɗi ba? Ɗan yayata da ya karanci kwamfuta ya daɗe yana ce mini fasahar bulokcen za ta amsa musu. Na ce to, mu je gindin abin tukuna. Da kaka ta kama, wata Asabar da sassafe muka tashi daga Bauchi muka kama hanyar Dass.

Mun wuce Yelwa da Gwallameji yana ta yi mini bayani. Kundi ne, in ji shi, da ake ajiye kwafinsa a kwamfutoci masu yawa, kowane rubutu a ɗaure yake da wanda ya gabace shi, don haka ba mai iya gogewa a ɓoye. Sai a shigar da gonar da aka noma, ranar girbi, nauyin buhu da motar da ta ɗauko. Mai saye ya haska tambarin jikin leda da wayarsa, tarihin ya fito masa. Kamfanin Walmart na Amurka ya gwada da mangwaro tare da kamfanin kwamfuta na IBM: binciken gano gonar da mangwaro ya fito, da ke cin kusan kwana 7, ya koma daƙiƙa 2.2. Mu ma nan gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan wannan fasaha a watan Mayun 2023. Kafin ya gama, duwatsun Mbula sun bayyana a gabanmu.

A wani ƙauye kusa da Tafawa Ɓalewa muka sauka. Nan na ga abin da ledata ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wata dattijuwa na zaune a gindin mangwaro da ƙwarya biyu da bokitin ruwa. An riga an sussuke achar, an surfa a turmi, an bakace, saura rege yashi, wanda shi ne aikin. Ƙwayar acha ba ta fi ƙwayar yashi girma ba, rariya ba ta raba su. Sai ta karkata ƙwarya tana kaɗa ruwan a hankali, achar na gangarawa cikin ɗaya ƙwaryar, yashi na kwantawa a ƙasa. Ta zubar, ta sake, ta kuma sakewa. Yatsunta duk sun yi fari saboda jiƙa.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yauwa 'yata, sannunku da hanya."

Yaron ya yi mata bayani daki-daki, ta saurara ba ta daina kaɗa ƙwarya ba. Da ya kai aya sai ta ce, "To ɗana, wa zai rubuta? In dillali ne, ai tun kafin ya rubuta ya haɗa tawa da ta bara, da wadda ba a rege ba."

Yaron ya yi shiru, domin gaskiya ta faɗa. Kundin yana tsare abin da aka zuba masa ne, ko gaskiya ko ƙarya. Wayar Inna ƙarama ce, kira kawai take yi, sabis ma sai an hau tudu.

Abin ya tsaya mini a rai. Acha ta yi daraja a duniya: Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da ita a kasuwanninta a 2018, Najeriya kuma na bin bayan Gini a yawan nomanta. Amma matar da ke sa a ci tuwon acha ba a tauna yashi ba, a mudu ake saye a hannunta, a farashin da dillali ya yanka. In za a sa tambari a leda a ƙara kuɗi, ina ganin wajibi ne ƙarin ya iso gindin mangwaron nan.

Bayan mun ci gwate muka zauna da matan unguwar. Muka daidaita cewa a gabansu za a auna, kowane buhu da lambarsa da sunan wadda ta rege, jikar Inna mai babbar waya ita za ta riƙa shigarwa tare da hoto. Kuɗin da na biya ma za a rubuta, mai saye ya gani. Da la'asar muka ɗora buhu biyu a but muka juyo Bauchi, yaron yana lissafin yadda manhajar za ta riƙe rubutu har sai an samu sabis.