Dahuwa ta bakwai: yau dai dawa ta ba ni zaƙin da hop zai zauna a kai

Ƴan uwa masu dafa giya a gida, jiya da daddare na buɗe kwalbar farko daga dahuwata ta bakwai kuma wallahi ban iya yin barci da wuri ba dan murna. Kumfa ya tashi kusan yatsa biyu ya tsaya, bai zube nan take ba kamar sauran, ƙamshin ɓawon lemu ya bugo min hanci tun kafin kofi ya kai baki. Wata goma sha huɗu ina bin abun nan. Na sha ce wa kaina na haƙura, sai kuma in tsinci kaina a kasuwa ina taya kwanon dawa.

Waɗanda muka daɗe tare sun san inda abun ya samo asali. Wani ɗan uwana ne ya dawo daga Amurka da kwalabe biyu na Sierra Nevada Pale Ale, muka sha a nan Jos a tsakar gida, ni kuma tun ranar bakina ya ƙi mantawa. Giya ce da Ken Grossman ya fara dafawa a garin Chico na jihar Kalifoniya a 1980, ƙarfinta 5.6 cikin ɗari, ɗacinta 38 a ma'aunin ɗacin giya, kuma hop ɗin da ya yi mata suna, wato furen da ake sa wa giya dan ɗaci da ƙamshi, shi ne Cascade, wanda aka fitar daga jihar Oregon a farkon shekarun 1970. Na san yanzu matasan can sun fi rububin hop irin su Citra da Mosaic masu ƙamshin mangwaro, wasu ma suna ganin Cascade tsohon yayi ne. Ni dai a wajena har yanzu babu kamar shi, domin yana ba ka lemu da fure amma baya rufe ɗanɗanon hatsin da ke ƙasa. To a nan ne matsalata take, hatsin da ke ƙasa.

Tsiron sha'ir ba abu ne da zaka shiga kasuwar Terminus ka auno ba, in kuma ka ce a aiko maka daga waje kuɗin ɗauko kilo uku kawai ya isa ya sa ka fasa sha'awar gaba ɗaya. Shi yasa tun farko na ce da dawa zan yi. Kuma ba baƙon abu bane, lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 manyan kamfanonin giya na ƙasar nan suka koma kan dawa da masara, sai dai su suna sayen enzayim na kwalba su zuba, wato sinadarin da ke mayar da sitaci sukari, ni kuwa na ƙudura cewa tsiron da na yi da hannuna shi zai yi aikinsa. Ina amfani da kaura, wani lokaci farafara, jar dawa na gwada sau ɗaya ta ba ni bauri a harshe na barta. Tsiron kansa bai taɓa ba ni wahala ba, jiƙo na kwana ɗaya ina canja ruwa, kwana huɗu zuwa biyar a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu, shanya, sannan in murje saiwa da ɗan kan da ya fito tas in sheƙe. Wannan murjewar kar kowa ya yi wasa da ita, gubar nan da ke cikin gyauron dawa mai kashe shanu ita ce a cikin saiwar da tohon.

Abun da ya hana ni sakat shi ne zaƙi. Dahuwa ta ɗaya zuwa ta huɗu duk labari ɗaya ne. Kilo uku na tsiro, lita goma nake nema, ina so haidiromita, ma'aunin da ke nuna yawan sukarin da ke cikin ruwa, ta nuna min wajen 1.050, sai ta nuna 1.028, ranar da na yi sa'a 1.031. Na bi yadda ake yi da sha'ir sak, digiri 66 na awa ɗaya a cikin kula, na ƙara zuwa awa biyu, na ƙara laushin niƙa har ya kusa zama garin tuwo, na juya har kafaɗa ta riƙe, babu abun da ya canja. In na ɗiga aidin, maganin nan na sa wa ciwo, a kan cokali ɗaya na ruwan sai ya koma baƙi wuluk, wato sitacin yana nan zaune bai koma sukari ba. Ni kuma na riga na auna hop ɗina da lissafin 1.050, to ku ƙiyasta abun da ya fito, ruwa tsararo mai ɗaci kamar an jiƙa shuwaka ba a wanke ba, ƙamshin yana nan amma ba shi da inda zai tsaya, kana haɗiya sai ɗacin ya maƙale a maƙogwaro ya ƙi tafiya. Dahuwa ta uku gaba ɗaya a kwata na juye ta, kwalba ashirin da takwas, ina juyewa raina yana ƙuna saboda hop ɗin da ya tafi a banza.

Dalilin na zo na gane shi daga baya kuma abun haushi ne dan a bayyane yake. Sitacin sha'ir yana narkewa tun wajen digiri 60 zuwa 65, daidai inda enzayim ɗinsa suka fi jin daɗin aiki, shi yasa Turawa suke zuba ruwa sau ɗaya su rufe su tafi. Sitacin dawa kuwa baya sakin jiki sai zafi ya wuce 70, wani ma sai an doshi 80, kuma kafin ka kai can enzayim ɗin da ke yanka sitaci ya zama sukarin da yis ke ci ya riga ya mutu, gashi dama dawa ba ta da shi da yawa tun asali. In ka tsaya a 66 ma'aikata suna da rai amma ƙofa a kulle take, in ka haura 80 ƙofa ta buɗe amma ba mai shiga. Na yi wata biyu ina juya wannan a kaina.

Wadda ta warware min ba a intanet take ba. Lokacin Kirsimeti waccan na je ƙauye wajen Pankshin, ƙanwar babana ta fi shekara talatin tana dafa burkutu, na zauna kusa da murhunta ina ba ta labarin wahalata, ita kuma tana aikinta ko ɗago kai ba ta yi. Sai na ga ta dama garin tsiro da ruwa a babbar tukunya ta bar shi ya kwanta, ta ɗauki ƙwarya ta kwashe ruwan da ya taso sama ta zuba a wata randa daban, kaurin da ya rage a ƙasa shi kaɗai ta ɗora a wuta. Na ce Gwaggo me yasa ba kya dafa su tare? Ta ce ɗana ai ƙarfin tsiron yana cikin ruwan nan, in ka dafa shi ka kashe shi, ka dafa tuwon shi kaɗai in ya huce sai ka mayar masa da ruwansa. Shi kenan abun da ta faɗa. Na tsaya ina kallonta, abun da na yi wata biyu ina nema ne take yi kowane mako da ƙwarya da muciya ba tare da ma'aunin zafi ba.

Amma kar ku ɗauka daga dawowa komai ya tafi daidai. A dahuwa ta biyar na kwashe ruwan na ɗora kaurin a kan gas, na juya baya minti uku kacal dan in wanke bokiti, kafin in dawo ya kama ƙasan tukunya ya yi ƙanzo, ƙaurin ya shiga ko'ina kuma babu hop ɗin da zai iya rufe ƙauri. Ta shida ban bari ya kama ba, amma na yi jinkiri sosai, ruwan da na ajiye gefe ya yi kusan awa biyar da ɗuminsa a buɗe yana jira, sai ya fara tsami. Ita Gwaggo tsamin take so, har kwana take bari ya yi dan shi ne daɗin burkutu, ni kuwa tsami da ɗacin Cascade ba sa zama a kofi ɗaya, sun yi ta faɗa a baki. Amma fa a wannan dahuwar ne haidiromita ta fara nuna 1.043, na ɗaga ta sama na sake dubawa har sau uku.

Ga yadda ta bakwai ta tafi. Na dama kilo uku da ruwa lita tara mai ɗumin digiri 48, na bar shi minti arba'in ina juyawa jefi-jefi, sannan na ƙyale shi ya kwanta na rabin awa. Na tsotso wajen lita biyar na ruwan da ya taso da siririn tiyo, na rufe shi na saka jarkar cikin baho mai ruwan sanyi dan kar ya yi tsami. Kaurin na ƙara masa tafasasshen ruwa lita uku na ɗora a ƙaramar wuta, muciya ba ta bar hannuna ba na minti ashirin da biyar, yana fara kauri kamar talge yana tsalle yana ƙona min hannu amma ban tsaya ba. Da na sauke ya huce zuwa wajen 75 sai na zuba masa kofi biyu kawai daga ruwan da na ajiye, kuma a nan ne na ga abun da ya sa tsikar jikina ta tashi, cikin minti biyar tuwon nan mai kauri ya saki ya koma ruwa a gaban idona. Na bari ya ƙara hucewa na juye sauran ruwan, ma'auni ya tsaya a 63, na zuba a kula na rufe da bargo awa ɗaya da rabi. Da na ɗiga aidin bai yi baƙi ba, ɗan ja-ja kawai ya yi. Na ɗanɗana, zaƙi kamar kunun da aka sa wa zuma.

Tacewa ta ci min awa biyu duk da buntun shinkafa cikin hannu huɗu da na wanke na cakuɗa, tunda dawa ba ta da ɓawon da zai riƙe matacin kamar sha'ir. Wannan har yanzu ban gamsu da shi ba. Bayan tafasa lita goma ta fito a 1.046.

Maganar hop kuma akwai inda ta yi min ciwo. Fakiti biyu na Cascade masu giram 100 aka kawo min, da kuɗinsu da na ɗaukowa sun haura naira dubu arba'in. Ɗaya na riga na buɗe na ɗaure da roba na saka a firiza, sai wuta ta ɗauke mana kwana shida a jere, da na buɗe shi launin ya koma ruwan ƙasa yana warin tsohuwar safa, dole na zubar da kusan giram sittin. Ɗayan da ba a huda ba shi ya tsira, kuma daga yanzu duk fakitin da na buɗe a ranar zan raba shi ƙulli-ƙulli in matse iskar. Giram 12 na saka a farkon tafasa, 15 saura minti goma, 20 bayan na kashe wuta, sai 25 da na zuba a bokiti kwana uku kafin ɗurawa. Da gangan na rage ɗacin ya tsaya wajen 30 dan na san jikin dawa bai kai na sha'ir ba. Yis ɗin da na zuba irin wanda ake kira US-05 ne, kuma hunturu ya taimake ni, bokitin yana cikin baho da jiƙaƙƙen tawul a ɗakin da rana bata shiga, bai wuce digiri 20 ba har ya gama. Haidiromita ta tsaya a 1.014, ƙarfin ya kama wajen 4.2 cikin ɗari kenan.

Ba Sierra Nevada bace, launinta ya fi haske sosai kuma babu ɗan zaƙin nan na gasasshen tsiro da ke cikin tasu, akwai kuma wani ɗanɗano na dawa a ƙarshe mai kama da ƙamshin fura wanda da farko na ɗauka aibi ne amma a kofi na biyu na ji ina son shi. Abun da ya fi min komai shi ne ɗacin ya samu wurin zama, yana zuwa bayan lemun ya wuce, ya ɗan tsaya ya tafi ya bar baki a bushe kana son ƙari. Matata da ta ƙi taɓa dahuwa ta biyu zuwa ta shida ta shanye rabin kofina ta ce in buɗe wata.

Inda nake neman taimakonku shi ne tacewar nan, in akwai wanda ya gwada buhun yadi mai laushi a maimakon buntu da garin dawa ya faɗa min ko yana toshewa. Ina kuma tunanin soya kamar giram 200 na tsiron a kasko tun yana da ɗan danshi dan in samu launi da wancan zaƙin, amma tsoron ƙauri nake bayan abun da ya same ni a ta biyar. Giram 28 na Cascade ya rage min, ba zai kai dahuwa guda ba, sai dai in yi lita huɗu ta gwaji kafin zafin Maris ya shigo. Kwalba biyu na ware na naɗe a jarida, ranar Asabar zan kai wa Gwaggo.