Abin da Na Koya Wajen Neman Kuɗin Binciken Cacar Wasanni

Shekara biyu na yi ina taimaka wa wata malama a sashen lafiyar al'umma na wata jami'a a Amurka lokacin da nake karatun digiri na biyu, kuma aikin da aka fara ɗora mini shi ne rubuta takardun neman tallafin bincike. Tambayarmu ita ce: me ke samun magidanta da iyalansu bayan jiha ta halatta caca a kan wasanni? Na shiga aikin ina zaton wahalar bincike tana cikin tattara bayanai da lissafi, sai na tarar tana somawa tun daga neman wanda zai biya kuɗin aikin.

A watan Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya ta 1992 wadda ta hana jihohi halatta wannan caca, bayan doguwar shari'ar da jihar New Jersey ta yi. Cikin shekara shida jihohi 38 sun buɗe ƙofa, kuma a 2024 kaɗai Amurkawa sun zuba kusan dala biliyan 150, mafi yawa ta manhajojin waya. Gwamnatin tarayya tana karɓar harajin santi 25 a kan kowace dala 100 da aka zuba, amma ba a ware ko kwabo daga ciki don nazarin illar abin ba. Akwai cibiya ta ƙasa mai binciken miyagun ƙwayoyi, akwai ta binciken giya, babu ta caca, alhali tun 2013 ƙungiyar likitocin tabin hankali ta ƙasar ta saka cutar caca a sahun jarabar da ke kama mutum kamar ƙwaya. Saboda haka sau da yawa sai mun lulluɓe batunmu da shan giya ko ciwon damuwa kafin ya samu ƙofar shiga, wanda hakan ke nufin tun kafin mu fara mun riga mun karkata daga ainihin tambayarmu.

Darasin da ya fi zauna mini a rai ya zo ne ranar da muka samu sanarwar tallafi daga wata gidauniya da kamfanonin caca ke ɗaukar nauyinta. Kuɗin yana da kauri, sharuɗɗan a rubuce ba su da aibu, kuma babu inda aka ce mu ɓoye sakamako. Na yi murna, na kai wa malamata. Ta ce in sake karanta jerin batutuwan da suke so, in gaya mata wanda ake tuhuma a cikinsu. Na karanta, sai na ga duk tambayoyin a kan ɗan cacar suke: halinsa, ƙwaƙwalwarsa, yadda za a koya masa ya san iyakarsa. Babu tambaya ko ɗaya a kan tallan da ke cika fuskar talabijin lokacin wasa, ko kyautar kuɗin da ake jawo sabon shiga da ita, ko tsarin da ke ba mutum damar zuba kuɗi sau da yawa ana tsakiyar wasa, ko kulawa ta musamman da ake yi wa wanda ya fi kowa asara don kada ya tashi. Mai bincike zai iya yin aikinsa da gaskiya ɗari bisa ɗari a cikin wannan da'irar, amma wani ne ya zana masa ita. Kamfanonin taba sun bi wannan hanya tun 1954, lokacin da suka kafa kwamitin bincikensu, suka shafe shekaru suna biyan kuɗin nazarin wasu musabbabai na cutar daji domin hankali ya kauce daga sigari. Ba mu nemi tallafin ba, kuma har yau ina ganin daidai muka yi, ko da yake na san masu bincike nagari da suka karɓa don ba su da wata mafita.

Na kuma koyi cewa lokaci yana da tsada fiye da kuɗi. Idan ba a auna halin jama'a kafin a halatta caca ba, babu ma'aunin da za a kwatanta da shi daga baya. Jihar Massachusetts ta yi hangen nesa a nan, domin dokarta ta 2011 da ta amince da gidajen caca ta wajabta bincike tare da tanadin kuɗinsa, har tawagar Rachel Volberg ta Jami'ar Massachusetts ta yi ƙidayar farko kafin gidan caca na farko ya buɗe a 2015. Jihohi da yawa sun halatta tukuna, sannan suka tuna da tambaya. Ga shi kuma bayanan da suka fi amfani, wato wa ya zuba nawa da ƙarfe nawa na dare, suna hannun kamfanoni. Masana tattalin arzikin da a 2024 suka nuna ƙaruwar bashi da karayar arziki da raguwar ajiya a jihohin da aka halatta cacar waya, sai da suka zagaya ta bayanan banki da na lamuni.

Birtaniya ta daɗe tana dogaro da gudummawar ganin dama daga kamfanoni, sai a watan Afrilun 2025 ta mayar da ita harajin dole da ake sa ran zai tara fam miliyan 100 a shekara: rabi ga jinya, kashi 30 cikin ɗari ga rigakafi, kashi 20 ga bincike ta hannun hukumar bincike ta gwamnati. Kuɗin daga aljihun kamfanonin yake fitowa, amma ba su ke zaɓen tambaya ba, kuma wannan shi ne bambancin da nake nema. A Amurka, Sanata Richard Blumenthal da 'yar majalisa Andrea Salinas sun gabatar da ƙudiri a 2024 na ware rabin harajin da tarayya ke karɓa a kan cacar wasanni ga jinya da bincike.

Ina tuna gida a duk lokacin da nake wannan lissafi. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta mayar da ikon tsara caca hannun jihohi, kuma a Kano Hisbah tana rufe shagunan cacar ƙwallo, amma wayar da ke aljihun matashi ba ta da ƙofar da za a garƙame. Jihar da ke karɓar harajin caca da jihar da ta haramta ta duk suna bukatar sanin yawan 'ya'yansu da abin ya kama, kuma ina so a rubuta kuɗin wannan ƙidaya a cikin dokar da kowace jiha za ta yi tun ranar farko, a miƙa shi ga jami'o'in da ba su cin abincin kamfanin.