Sunan da ke ƙasan waƙa

Shekarata ta farko a gidan rediyo aka ɗora mini shirin tsofaffin waƙoƙin ƙasashen waje na daren Asabar. Wani dare na sa "Little Red Rooster", na cika baki na ce wa masu sauraro Rolling Stones, ƙungiyar mawaƙan nan ta Landan, su ne suka ƙirƙire ta. Ina fitowa na tarar da dattijon da ke kula da ɗakin faifai tsaye a bakin ƙofa, da faifan a hannunsa. Ko faɗa bai yi ba. Ya ɗora yatsa a kan wasu ƙananan baƙaƙe ƙasan sunan waƙar, ya ce, "Ɗana, karanta mini nan."

Dixon.

Ashe Willie Dixon ne ya rubuta ta, Howlin' Wolf ya rera ta a Chicago tun 1961. Samarin Landan sai a 1964 suka ɗauko, ta kai ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila. Washegari Baba ya zaunar da ni, ya sa mini su biyun a jere. Muryar Wolf kamar ana jan buhun tsakuwa a kan siminti, ba ya gaggawa ko kaɗan. A ta samarin kuwa gitar ɗayansu, Brian Jones, ce ke kukan zakaran da sunan waƙar ke nufi. Har yau kunnena ya fi karkata ga Wolf, amma ba zan ce yaran ba su iya ba.

Abin da ya fi ba ni kunya, su kansu ba su taɓa ɓoye iyayen gidansu ba. Sunan ƙungiyar ma daga waƙar Muddy Waters, wani mawaƙin Chicago, suka samo shi. A 1964 suka je har kamfanin faifai na Chess a Chicago suka ɗauki waƙoƙi, a 1965 kuma suka sa aka gayyato Wolf shirin talabijin na Shindig, suka zauna a ƙasa suna kallonsa. Ni ne da jahilcina na binne mai kayan.

A wurin Baba kuma na gane cewa sunan nan kuɗi ne. Bobby Womack ya ji haushi da suka ɗauke masa "It's All Over Now", sai da kasonsa na marubuci ya iso hannunsa ya huce.

Asabar ta gaba na nemi afuwa a iska, na fara sa ta Wolf.