Laraba, ɗakin yara

Tun zagayen safe hankalina yake kan gado na ƙarshe. Yarinya ce 'yar wata bakwai, ciki ya kumbura, hanta ta cika shi, ga ƙananan ƙulli masu shuɗi-shuɗi a fatarta. Hoto ya nuna ƙari a saman ƙoda. Niyurobilastoma ce, kansar da ke tasowa daga ƙwayoyin jijiya na yara ƙanana.

Mahaifiyarta ta biyo ni har bakin ƙofa, ta ce, "Likita, don Allah ki faɗa min gaskiya, za ta tashi?" Na ce, "Mama, akwai gwaji ɗaya da nake son gani tukuna."

Wannan ciwo hali biyu gare shi. A jarirai 'yan ƙasa da wata 18, ko da ya kai hanta da fata, yakan motse da kansa, wani lokaci ba tare da magani ba. A wani yaron kuma, ƙari iri ɗaya a ido, sai ya ci jiki cikin watanni. Babban abin da ke raba su ƙwayar halittar gado ce mai suna MYCN. Ya kamata a ga kwafi biyu nata a kowace ƙwayar jiki, amma a kusan kashi 20 cikin 100 na masu ciwon sai ta hayayyafa ta yi yawa. Tun 1984 Garrett Brodeur da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wannan yawan yana tafiya da ciwo mai tsanani. Daga baya aka gano ɓacewar 11q, wani sashe na zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin halittar gado, ita ma alama ce mara kyau. Yaran da ke rukunin sauƙi, fiye da 90 cikin 100 suna rayuwa. Na rukunin haɗari kuwa, ko a Amurka, kusan rabi ne ke rayuwa.

Abin da ke cin raina ke nan. Idan MYCN ɗinta lafiya lau, zuba mata magani mai ƙarfi zalunci ne ga ɗan jikin nan. Idan ta yawaita, jira ganganci ne. Gwajin kuma ba mu da shi a nan, sai an aika samfurin wani wuri, kuɗin ya fi ƙarfin mahaifinta, manomi ne.

Da azahar babban likitanmu ya ce a riƙa auna cikin kullum, a sa ido kan numfashinta, domin hanta mai girma tana danne huhu. Bayan la'asar na rubuta takardar neman tallafi. Gobe da sassafe zan kai ta da kaina.