Lissafin shekarun jami'a kafin a shiga neman aiki

Tsakanin jarrabawar ƙarshe da ranar da mutum zai fara neman aiki gadan-gadan akwai 'yan makonni, kuma yawancin ɗalibai ramuwar barci suke yi a cikinsu. Hutun ya cancanta, ba musu. Sai dai a makonnin nan ne kaɗai shekaru huɗu ko biyar na karatu suke nan daram a ƙwaƙwalwarka, malamai kuma ba su manta fuskarka ba. Tun 1885 Bajamushen masani Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace ya fi saurin zubewa a farkon lokaci, daga baya zubar ta lafa. Wanda ya bari sai bayan shekara zai tuna cewa ya sha wahala, amma ba zai iya faɗin takamaiman abin da wahalar ta koya masa ba. Shi kuwa mai ɗaukar aiki wannan yake son ji.

A fara da takardu, domin su ne masu sauƙi. Ka karɓi takardar sakamakon da ke ɗauke da kowane kwas da makinsa, ka duba rubutun sunanka harafi bayan harafi, ka gwada shi da na katin shaidarka da ranar haihuwa. Gyaran harafi ɗaya kana cikin makaranta magana ce ta ofis guda; bayan ka tafi sai ta koma doguwar jeka-ka-dawo. Makarantu da yawa suna rufe adireshin imel ɗin ɗalibi bayan ya kammala, saboda haka ka kwashe abin da ke ciki, ka kuma canza duk wani asusu da ka buɗe da shi. Binciken kammalawarka, haɗe da ɗanyen bayanan da ka tattara, ka adana shi a wuri biyu daban.

Sai masu ba da shaida a kanka. Biyu ko uku sun isa. Malamin da ya duba maka bincike ya fi shugaban sashen da bai taɓa karanta layi ɗaya na rubutunka ba, komai girman muƙaminsa, domin wasiƙar da ba ta ambaci wani aiki naka ba ana gane ta daga sakin layin farko. Ka same shi da kanka, ka miƙa masa taƙaitaccen bayani: kwas ɗin da ya koyar da kai, shekarar, aikin da ka yi, da irin aikin da kake nema. Ka tambaye shi kai tsaye ko zai iya rubuta maka shaida mai ƙarfi. Idan ya yi jim, ka gode masa ka nemi wani.

Babban aikin shi ne zama da biro da takarda. Ka zaɓi lokuta biyar ko shida da wani abu ya rataya a wuyanka: aikin rukuni, gwaji a ɗakin bincike, watannin koyon aiki, riƙon kuɗin ƙungiyar ɗalibai, ko haɗa karatu da wata sana'a. Kowanne ka rubuta masa amsa huɗu. Mene ne halin da ake ciki? Wane ɓangare ne naka? Me ka yi? Me ya biyo baya? Aƙalla ɗaya daga ciki ya zama wanda bai yi nasara ba, don kusan kowace ganawar ɗaukar aiki tana zuwa kan wannan tambaya, kuma wanda bai shirya ba ko dai ya ɗora wa abokan rukuni laifi ko ya ce bai taɓa faɗuwa ba. Duka biyun suna kashe masa kasuwa.

A nan ne rubutu yake yawan lalacewa, ta hanya biyu. Ta farko ita ce fakewa da "mun yi". Kunya ce ke jawo hakan, kuma hali ne mai kyau, amma mai tambaya ba rukuni zai ɗauka ba. Ta biyu ita ce yabon kai da sifa: mai ƙwazo, mai haƙuri, mai iya zama da jama'a. Kowa haka yake rubutawa. Wanda ya ce rukuninsu na mutum biyar ya watse saura mako biyu a miƙa aiki, shi ya sake raba ayyukan ya haɗa rahoton aka miƙa a kan lokaci, ya faɗi sifofin nan uku ba tare da ya ambaci ko ɗaya ba.

Akwai kuma halayen da makaranta ta saka maka da maki a kansu amma wurin aiki ba ya lamuntarsu. Karatun daren jarrabawa yana iya kai mutum ga digiri mai kyau, alhali a ofis aikinka ne mafarin na wani, jinkirinka na kwana biyu ya tsayar da mutum uku. A ɗakin jarrabawa tambayar na kusa laifi ne; a wurin aiki rashin tambaya ne laifin, musamman a watanni ukun farko da kowa ya san kai sabo ne. Sannan babu wanda zai riƙa ba ka maki kowane zango, kai ne za ka nemi a faɗa maka inda kake. Irin waɗannan halaye mutum ba ya ganinsu a jikinsa, saboda haka ka tambayi mutum uku da suka yi aiki tare da kai, ba aminanka ba: me ya fi wahala a yin aiki da ni? Ka saurara, kada ka kare kanka, ka rubuta abin da biyu suka haɗu a kansa.

Lambobin abokan karatu ma a kula da su, har da waɗanda gaisuwa ce kawai ta haɗa ku. Masanin zamantakewa Ba'amurke Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa labarin guraben aiki ya fi zuwa ta hannun waɗanda sani ne kawai tsakaninku, domin amininka abin da ka sani shi ma ya sani, na nesa kuwa yana yawo a inda ba ka zuwa. Ka tattara sunaye ashirin zuwa talatin, kowanne da fannin da ya karanta da inda ya nufa, ka riƙa tuntuɓarsu ko da sau biyu a shekara, tun ba ka da wata buƙata a wurinsu.